Yaran Richardson: ofishin zanen gini da ya ƙi mutuwa tare da maigida

Ranar 27 ga Afrilun 1886 Henry Hobson Richardson ya rasu a gidansa da ke Brookline, bayan garin Boston na Amurka, yana da shekara 47. Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa. Ya bar mata da 'ya'ya shida, ya bar bashi, ya kuma bar ayyuka sama da ashirin da ba a gama ba: babbar kotu da gidan yari a Pittsburgh, katafaren ɗakin ajiyar kaya na attajiri Marshall Field a Shikago, tashar jirgin ƙasa a New London, da ƙananan tashoshi a kan layin dogon da ya tashi daga Boston zuwa Albany. A wancan lokaci babu mai zanen gini a Amurka da ya kai shi suna. Shekara guda kafin rasuwarsa wata mujallar masu sana'ar ta nemi a zaɓi gine-gine goma da suka fi kyau a ƙasar, sai biyar daga ciki suka fito nasa, cocin Trinity na Boston kuma shi ne na ɗaya.

A bisa al'ada, irin wannan ofis da maigida ake binne shi. Mai kuɗin da ya zo neman zane hannun gwani ya biyo, ba teburan ofishinsa ba, idan hannun ya tafi sai ya nemi wani. Amma ofishin Richardson bai rufe ba. Yaransa uku suka ɗauka da sunan Shepley, Rutan and Coolidge, kuma har yau kamfanin yana aiki a Boston da sunan Shepley Bulfinch. Yadda aka yi haka ya faru, da abin da suka riƙe da abin da suka saki, shi ne abin dubawa.

Sai an fara da tambayar da kowa zai yi: me ya haɗa coci da tashar jirgi har ofis ɗaya ya yi suna da su biyun? Amsar farko mai sauƙi ce, aljihu ɗaya ne ke biya. Richardson ɗan Louisiana ne, daga gidan masu gonar rake, amma a Harvard ya yi karatu, ya gama a 1859, kuma abokan da ya yi a can su ne suka zama jarinsa. Daga nan ya tafi Paris makarantar Beaux-Arts, shi ne Ba'amurke na biyu da ya shiga sashen zanen gininta. Yaƙin basasar Amurka ya katse kuɗin da ake aiko masa daga gida, dole ya kama aiki a ofisoshin Faransawa har ya koma a 1865. Aikinsa na farko cocin Unity ne a garin Springfield a 1866, kuma abokin karatunsa James Rumrill ne ya buɗe masa ƙofar shiga gasar. Shekara ta zagayo aka ba shi zanen ofishin kamfanin jirgin ƙasa na Western a garin dai. Wannan Rumrill ɗin daga baya ya zama mataimakin shugaban kamfanin Boston and Albany. Mutanen da ke zama a kwamitin ginin coci ranar Lahadi su ne ke zama a hukumar kamfanin jirgi ranar Litinin.

Amsa ta biyu tana cikin ginin kansa. Coci da tasha duk wuraren tara jama'a ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, duk suna buƙatar fili babu ginshiƙai masu tare hanya, kuma a ƙaramin garin Amurka na wancan zamani su ne gine-ginen da baƙo zai duba ya yanke hukunci kan garin. Wanda ya iya ɗora rufi mai nauyi a kan bango mai kauri ya iya rabin aikin kowannensu.

Trinity ne ya koya masa wannan. Ya ci gasar zanen a 1872, aka keɓe ginin a 1877. Wurin da aka ba shi fadama ce da aka cike da ƙasa, unguwar Back Bay, don haka sai da aka kafa turakun itace kusan 4,500 a cikin laka kafin a ɗora dutse ko ɗaya. Abin mamaki game da waɗannan turaku, ruwa ne ke kare su: muddin suna nutse ba za su ruɓe ba, ranar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya iska ta taɓa su, ranar ɓarna za ta fara. Shi ya sa har yanzu ake auna ruwan da ke ƙarƙashin cocin. Limamin cocin, Phillips Brooks, mai wa'azi ne da ake cika wuri don a ji shi, saboda haka Richardson ya ƙi dogon zaure irin na manyan majami'un Ingila inda na baya ba ya jin na gaba. Ya gajarta fikafikan ginin guda huɗu, ya tattara jama'a a tsakiya ƙarƙashin hasumiya ɗaya mai faɗi wadda aka ɗauko siffarta daga tsohon cocin Salamanca na Sifaniya. Bangon dutsen giranit ne mai kaushi, ba a goge fuskarsa ba, aka yi wa ƙofofi da tagogi baki da dutsen yashi mai ruwan ƙasa daga Longmeadow. Kowace ƙofa bakanta rabin da'ira ne, mai kauri, irin na tsoffin majami'un kudancin Faransa da Sifaniya na ƙarni na 11 da na 12. Wannan salo Romanesk ake ce masa, amma Richardson ya murɗa shi har sai da aka laƙaba masa sunansa.

Yanzu a ɗauki wannan harshe na dutse a kai shi bakin layin dogo. Kamfanin Boston and Albany ya fara sabunta tashoshinsa a 1881. Kafin nan yawancin tashoshin ƙauyuka da unguwannin bayan gari rumfunan katako ne, baƙi ƙirin da hayaƙin kwal, tartsatsi ɗaya daga injin jirgi ya isa ya cinye su. A hukumar kamfanin akwai Rumrill, akwai kuma Charles Sprague Sargent, masanin itatuwa mai kula da gandun Arnold na Harvard, maƙwabcin Richardson a Brookline. Wani maƙwabcin kuma shi ne Frederick Law Olmsted, wanda ya tsara lambun Central Park na New York. Unguwa ɗaya ta haɗa mai zane, mai lambu da mai sa hannu a takardar biya. Tashar Auburndale ce ta farko a 1881, kuma kafin ya rasu Richardson ya zana wa kamfanin tashoshi tara.

A ganina waɗannan ƙananan tashoshi sun fi Trinity nuna gwanintarsa, don babu inda zai ɓuya a cikinsu. Ba hasumiya, ba gilashi mai launi, ba zanen bango. Gini ne gajere mai tsawo, kwance a gefen dogo kamar raƙumi ya durƙusa, kuma rufin ne kusan komai. Rufi ne na allunan dutse, mai gangara ta kowace kusurwa, ya zarce bango da nisa ya sauka a kan ginshiƙan katako, ya zama rumfar da fasinja zai tsaya ruwa ko ƙanƙara ba su taɓa shi ba. A ɗaya gefen, inda keken doki ke sauke mutane, rufin dai ne ya miƙa ya rufe su. A tashar Chestnut Hill manyan bakuna na dutse ne keken ke bi ta ƙarƙashinsu. A ciki ɗakin jira biyu ne, na maza da na mata, ɗakin mai sayar da tikiti a tsakiya, tagarsa ta ɗan turo waje ta fuskar dogo don ya hango jirgi ta hagu da dama ba sai ya fita ba. Duk wanda ya taɓa jiran mota a tasha cikin damina zai gane cewa mai wannan zane ya san abin da matafiyi ke so. Olmsted kuma ya kewaye tashoshin da bishiyoyi da ciyayi masu jure sanyi, har shuka a bakin tasha ya zama abin koyi ga wasu kamfanonin jirgi.

Ba don Allah kamfanin ya yi ba, kasuwa ce. Yana so ma'aikatan Boston su koma zama a Newton da Wellesley da Brookline su riƙa shiga jirgi safe da yamma. Tasha mai kyau talla ce ga filayen da ke kewaye da ita, kuma kowane sabon gida fasinja ne na shekara da shekaru.

To, ga yanayin da mutuwa ta tarar. Abin da ya ceci ofishin shi ne yadda Richardson ke aiki tun yana da rai. Mutum ne mai ƙiba ƙwarai, ga ciwo, sau da yawa daga kan gado yake aiki. Ofishin a jikin gidansa yake. Yakan yi ɗan zane da bai fi tafin hannu ba, ya miƙa wa ɗaya daga cikin yaran ya ce a faɗaɗa, sa'an nan ya bi teburi teburi yana gyara. Tsarin da ya gani a Paris ke nan, inda ɗalibi ke koyo a gaban malami. Charles McKim da Stanford White, waɗanda daga baya suka kafa nasu babban kamfani a New York, duk sun bi ta hannunsa. Ma'ana, shekaru kafin 1886 hannayen da ke fitar da zanen ƙarshe na yaran ne. Ga kuma 'yan kwangilarsa, Norcross Brothers na Worcester, waɗanda suka gina Trinity da yawancin manyan ayyukansa, suna da wuraren fasa dutse nasu, sun san yadda yake son a jera dutse ba sai an rubuta musu ba.

Ya bar wasiyya cewa mutum uku su ci gaba. George Foster Shepley ɗan St. Louis yana da shekara 25. Charles Allerton Coolidge ɗan manyan Boston, wanda ya yi Harvard, yana da 27. Charles Hercules Rutan ne babba, shekara 35, shi kuma tun yana saurayi ya shiga ofishin a matsayin yaron aike ya tashi ya zama mai kula da lissafin ƙarfin gini da tafiyar aiki. Rabon ya yi daidai: ɗaya ya san dutse da kuɗi, biyu sun san zane da mutane. Aure ma ya ƙara ɗaure abin. Watanni kaɗan bayan rasuwar, Shepley ya auri 'yar maigidan, Coolidge kuma daga baya ya auri 'yar'uwar Shepley. Matar Richardson Julia, 'yarsa Julia, 'yar'uwar Shepley ma Julia; ban san yadda ake kiran suna a gidan ranar taro ba.

Gadon gida alala ga raggo, in ji masu magana, amma waɗannan ba raggaye ba ne. Sun kammala kotun Pittsburgh a 1888, wadda Richardson da kansa yake ganin ita ce aikinsa mafi girma, suka gama ɗakin ajiyar Marshall Field da gidan Glessner a Shikago a 1887, da tashar New London. Boston and Albany bai canja ofis ba: ya ba su ƙarin tashoshi 23, jimilla 32 ke nan da na maigida. Ka tsaya gaban tashar Newton Centre ko Newton Highlands ko ta Chatham a jihar New York, in ba an gaya maka ba za ka rantse Richardson ne. Haka cocin Shadyside Presbyterian da suka yi a Pittsburgh wajen 1890, ɗan Trinity ne sak, hasumiya mai faɗi a tsakiya da gajerun fikafikai. Trinity ɗin ma su suka ƙarasa masa barandar gaba a 1897.

Babban aikin farko da ya zo da sunansu daga Kalifoniya ya fito, kuma nan ma kuɗin jirgi ne. Leland Stanford, shugaban kamfanin Central Pacific kuma tsohon gwamnan jihar, ya rasa ɗansa tilo a 1884, zazzaɓin taifot ya kashe yaron yana da shekara 15 a Italiya. Shi da matarsa Jane suka yanke shawarar gina jami'a da sunansa. Olmsted ya tsara fili, Coolidge ya zana gine-gine: gajerun ɗakuna na dutsen yashi, jan rufi, dogayen barandu masu bakuna suna kewaye da tsakar gida. An ɗora tubalin farko a 1887, aka buɗe a 1891. Iyalin Stanford masu tsoma baki ne a komai, zaman bai yi daɗi ba, kuma cocin tunawa da ke tsakiyar jami'ar, wanda Coolidge ya fara zanawa da hasumiya irin ta Trinity, wani mai zane na San Francisco, Clinton Day, shi ya ƙarasa. An keɓe shi a 1903. Girgizar ƙasar 1906 ta rusa hasumiyar, ba a sake ɗora ta ba. Salon da aka ƙirƙira don sanyin Boston, mai dogaro da nauyin dutse, ya gamu da ƙasar da ke motsi.

A nan ne labarin ya juya, kuma a nan masu tarihin gine-gine suka rabu biyu. A 1893 aka yi babban baje kolin duniya a Shikago, aka cika filin da fararen gine-gine masu ginshiƙai irin na tsohuwar Girka da Rum. Jama'a suka gani suka so. Cikin 'yan shekaru dutse mai kaushi da baka mai kauri suka zama tsohon yayi, ga shi kuma masu kwaikwayo sun cika ƙasar da kotuna da makarantu masu kama da na Richardson amma babu ruhinsa. Yaran ba su tsaya jayayya da kasuwa ba. Ginin Ames da suka gama a Boston a farkon shekarun 1890, mai hawa 13, wanda ya fi kowane ginin ofis tsawo a birnin har 1915, yana cikin na ƙarshe da suka yi da harshen maigida, kuma iyalin Ames masu ƙera shebur da hannun jari a kamfanin jirgi na Union Pacific tsoffin abokan cinikin Richardson ne. A shekarar baje kolin kanta suka gama gidan adana zane-zane na Shikago da salon Italiya, sai babban ɗakin karatu na birnin a 1897, sai makarantar likitanci ta Harvard da farin marmara a 1906.

Masu suka suna cewa sun sayar da gado. Hujjarsu tana da ƙarfi: ɗakin ajiyar Marshall Field, da sauƙinsa da rashin kwalliyarsa, shi ya buɗe wa Louis Sullivan, mai zanen gini na Shikago, ido, daga Sullivan kuma aka samu yaronsa Frank Lloyd Wright, wato hanyar da ta kai ga ginin zamani ta bi ta wajen baƙi, 'yan gida kuwa suka koma kwaikwayon Turai. Ni dai ina ganin hukuncin ya yi tsauri. Richardson bai gaji Romanesk daga kowa ba, zaɓa ya yi don ya dace da dutsen da ke kusa da magina da ke hannu. Abin da ya koya wa yaransa shi ne a fara da tsarin ciki, a san ta ina mutum zai shiga ta ina zai fita, kwalliya ta biyo baya. Wannan kam ba su yar ba. Sai dai gaskiya ce, bayan 1893 da wuya ka ga gininsu ka ce babu wanda zai iya yin sa sai su.

Tashar South Station ta Boston ita ce shaidar ɓangarorin biyu. Kamfanonin jirgi biyar da ke shiga birnin ta kudu da yamma, waɗanda ke sauke fasinja a tashoshi daban-daban, aka haɗa su wuri ɗaya. An buɗe ta ranar 1 ga Janairun 1899 da layuka 28 a ƙarƙashin rumfar ƙarfe guda, kuma a lokacin babu tashar da ta kai ta girma a duniya. Zuwa 1913 fasinja miliyan 38 ke bi ta cikinta a shekara. Fuskarta ta giranit mai lanƙwasa ce, hawa biyar, da ginshiƙai irin na Girka, agogo a sama, gaggafar dutse a kan agogon. Babu abin da ya yi kama da Auburndale a ido. Amma lanƙwasar tana da dalili: ginin a kusurwar tituna biyu yake, ƙofar tana karɓar jama'a daga kowane ɓangare ta zuba su kai tsaye gaban layuka. An kuma haƙa wani layi mai zagaye a ƙarƙashin ƙasa don jiragen unguwanni su shigo su juya ba tare da ja da baya ba. Dabara ce mai kyau da ta dogara ga jiragen lantarki, su kuma ba su zo ba, hayaƙin injin kwal ba ya zama a rami, sai aka bar layin ba a yi aiki da shi ba. Babbar rumfar ma iskar teku mai gishiri da hayaƙi suka ci ƙarfenta, aka sauke ta a 1930. Shekara guda bayan South Station suka gama babbar tashar Albany, ɗaya ƙarshen layin da ya fara ba su abinci.

Shepley ya rasu a 1903, Rutan a 1914, Coolidge ya kai 1936. Sunan kamfanin ya yi ta sauyawa da shigar sababbin abokan tarayya, a 1915, a 1924, a 1952, kuma jikokin Richardson biyu, Henry Richardson Shepley da Joseph Priestley Richardson, sun shugabanci aiki a cikinsa. Coci da tasha kuwa suka daina zama abincinsa. Kuɗin Amurka ya koma jami'o'i da asibitoci, kamfanin ya bi shi can, ya gina wa Harvard gidajen kwanan ɗalibai na jan bulo a bakin kogin Charles, ya yi wa manyan asibitocin Boston aiki, kuma a wannan fanni yake har yau.

Tashoshin ne suka fi shan wahala. Mota ta kwashe fasinja, a 1959 aka mayar da reshen Highland na layin Boston and Albany ya zama layin taragon lantarki na cikin gari, aka rushe wasu tashoshin don a samu wurin ajiye motoci, Chestnut Hill na cikinsu. A farkon shekarun 1960 aka shimfiɗa babbar hanyar mota ta Massachusetts a gefen dogon, ta bi ta kan Auburndale. Ɗakin ajiyar Marshall Field tun 1930 aka rushe shi. South Station ma an fara cin gefunanta kafin a sa ta cikin jerin gine-ginen tarihi a 1975, yau layuka 13 take da su. Daga cikin tara da Richardson ya zana wa Boston and Albany huɗu suka rage: Framingham, Palmer, Wellesley Hills da Woodland. Ta Palmer gidan abinci ce yanzu, masu cin abinci suna kallon jiragen kaya na wucewa ta taga. Ta Woodland kuma tana cikin filin wasan golf, an mai da ita ɗakin ajiye kayan aiki.